Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministar Al'adu: A Gyara Mana Gidajen Wasa Ta Hanyar Rangwamen Haraji

Zuwa ga Mai Girma Ministar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira,
Hajiya Hannatu Musa Musawa,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon ɗan wasan daɓe ne. Tun ina sakandare na fara hawa dandamali, kuma har yau da furfura ta cika mini gemu ina koya wa yaran ƙungiyarmu yadda ake tsayawa a gaban jama'a a yi magana muryar ta isa layin ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wurin da yaran nan za su tsaya, domin ya kusa ƙarewa a hannunmu.

A daminar da ta wuce muka shirya wasa a kan shaye-shayen matasa. Wata uku muna gwaji. Aka ba mu aron wani zaure na gwamnati, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin ma'aikatansa sun yi mana iya ƙoƙarinsu, har da sharar wurin da hannunsu. Ranar wasan, hadari ya haɗo bayan la'asar. Kafin mu kai fitowa ta biyu ruwa ya fara zuba ta rufi, a tsakiyar dandamali. Dole muka kashe janareto saboda wayoyin lantarkin zauren duk a buɗe suke, muna tsoron kada wuta ta ja wani. Iyaye suka tattara yaransu suka watse. Yarinyar da ta fito a matsayin uwa, wadda ta haddace maganarta tsaf, na same ta a bayan labule tana kuka. Ban sami abin da zan ce mata ba.

Ranar 1 ga Oktoba, 2025 na kalli yadda aka sake buɗe Babban Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Wole Soyinka. An kammala ginin a 1976 domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977, ya yi shekaru yana lalacewa, har Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka karɓe shi a 2020 suka kashe masa naira biliyan 68. Wallahi na ji daɗi, kuma na yi wa waɗanda suka yi aikin addu'a. Sai dai irin wannan gudummawa sau ɗaya ake yin ta, a gini ɗaya, a gari ɗaya. Bankuna ba za su sake haɗa kai su nufi Gusau ko Azare ko Birnin Kebbi ba, kuma ba zan zarge su ba. Abin da sauran garuruwa suke bukata shi ne ƙa'ida rubutacciya a cikin doka, wadda duk wanda ya cika sharuɗɗanta zai amfana, ko ya san wani a Abuja ko bai sani ba.

Roƙona shi ne ma'aikatarki ta jagoranci samar da rangwamen haraji na musamman ga duk wanda ya zuba kuɗi wajen gyara tsofaffin gidajen wasa, da silima, da zaurukan al'adu.

Bari in fayyace abin da nake nufi, domin mutane suna haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai a ce wa kamfani ya cire abin da ya kashe daga ribarsa kafin a lissafa masa haraji. Idan yana biyan kashi 30 cikin ɗari, kowace naira 100 da ya kashe naira 30 kawai za ta rage masa. Akwai kuma a ce masa ya cire daga cikin harajin kansa, wanda aka riga aka yanka masa. A nan naira 100 ta rangwame naira 100 ce cif. Wannan na biyun shi nake magana a kai, kuma shi ne yake sa mai kuɗi ya gyara zama ya saurara.

Amurka ta daɗe tana amfani da shi a kan gine-gine. Tun 1976 gwamnatin tarayyarsu ta fara ba da sassaucin haraji ga masu gyara gine-ginen tarihi, kuma dokar haraji ta 1986 ta tsayar da rangwamen a kan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran da aka tantance. Ba a ba da shi da ka. Sai ginin ya kasance cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko a unguwar da aka yi wa irin wannan rajista. Sai mai ginin ya gabatar da tsarin aikin, an fi so tun kafin ya fara, hukumar kula da wuraren tarihi ta jiharsa ta duba, ta tarayya ta amince cewa gyaran ba zai ɓata kamannin ginin na asali ba. Bayan an gama a sake dubawa a tabbatar abin da aka ce za a yi shi aka yi. Sannan ne hukumar haraji take barin a cire kuɗin, kuma tun gyaran dokar da aka yi a 2017 ba a cire shi a lokaci ɗaya, sai an raba shi shekara biyar. Idan mai ginin ya sayar da shi ko ya ɓata aikin kafin shekara biyar ta cika, gwamnati tana karɓe rangwamenta, gaba ɗaya idan a shekarar farko ne, yana raguwa da kashi 20 kowace shekara bayan nan.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu wasa suke cin moriyar abin, alhali yawancin gidajen wasa a can ƙungiyoyin da ba sa neman riba ne suke riƙe da su, ko kuma na hukumar gari ne. Wanda ba ya biyan haraji, me zai yi da rangwamen haraji? Sai ƙungiyar ta nemo banki ko babban kamfani da haraji ya yi masa nauyi, su kafa haɗin gwiwa a kan ginin. Bankin ya zuba tsabar kuɗi ana cikin aiki, lokacin da ake bukatar biyan magina da sayen kaya, shi kuma ya karɓi rangwamen daga baya. Abin da yake zubawa bai cika kai darajar rangwamen ba, wannan tazarar ita ce ribarsa. Bayan shekara biyar ya janye, ginin ya koma hannun masu shi. A shekarar 2000 kuma suka ƙara wani rangwamen, na kashi 39 cikin ɗari da ake rabawa shekara bakwai, ga masu zuba jari a unguwannin marasa ƙarfi, kuma sau da yawa ana haɗa biyun a gini ɗaya.

Ta haka aka ceto gidan wasan Kings da ke Brooklyn a birnin Niyok. An buɗe shi a 1929, aka rufe a 1977, ya zauna kusan shekara arba'in ruwa yana zuba ta rufinsa, ɓarayi suna kwashe kayan adonsa. A 2015 aka sake buɗe shi bayan aikin da ya ci kimanin dala miliyan 95. Ginin na hukumar birnin ne, ba ta sayar ba, haya mai dogon zango ta bayar. Haka gidan wasan Fox da ke Oakland a jihar Kalifoniya, wanda aka gina a 1928, aka rufe a 1966, aka sake buɗewa a 2009, kuma a cikinsa aka ba wata makarantar koyon fasaha mazauni, yara suna karatu da rana a ginin da ake wasa da dare. Wannan na Oakland shi ne ya fi kwanta mini a rai, domin abin da nake fata ke nan ga yaranmu.

Ba zan ɓoye miki ba, ranki ya daɗe: rangwamen bai biya duka kuɗin waɗannan ayyuka ba. A gidan Kings, kaso mai tsoka daga baitulmalin birnin ya fito. Aikin rangwame shi ne cike giɓin da yake hana a fara. Mu ɗauka gyaran wani zaure zai ci naira biliyan 1, jiha ta iya fitar da miliyan 400, masu hannu da shuni na garin suka tara miliyan 300. Ragowar miliyan 300 ɗin ita ce take kashe aiki a ƙasar nan, domin ba mai hankalin da zai ci bashin banki da ruwan da ya haura kashi 25 cikin ɗari don ya gyara wurin da tikitinsa bai wuce kuɗin abincin rana ba. Wannan giɓin nake so rangwame ya rufe. Saboda tsadar bashi a wurinmu, ina ganin kashi 20 ya yi kaɗan, ya kamata a duba kashi 30, musamman ga garuruwan da ba Legas ba, ba Abuja ba.

Kada wani ya ce miki wannan abin Turawa ne da ba zai yiwu a nan ba. Mun riga mun yi shi, a kan hanyoyi. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7, wanda ya ba kamfanoni damar gina hanya su cire kuɗin daga harajinsu. Da shi Dangote ya yi hanyar Obajana zuwa Kabba, kamfanin iskar gas na NLNG ya shiga aikin Bodo zuwa Bonny, MTN ya ɗauki Inugu zuwa Onica, aka ba BUA hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura zuwa Kongolam. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ita ma ta zo da rangwamen kashi 5 cikin ɗari a kowace shekara, har shekara biyar, a kan jarin da aka zuba a fannonin da gwamnati ta ba fifiko. Ma'aikatan haraji sun san lissafin, manyan kamfanoni sun san takardun. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofar ga gine-ginen al'adu, waɗanda kuɗin gyaran goma daga cikinsu bai kai na 'yan kilomitoci na kwalta ba.

Na san tsarin hanyoyin ya sha suka, kuma sukar tana da tushe. A farkon 2024 shugaban hukumar harajin tarayya, Zacch Adedeji, ya gaya wa 'yan Majalisar Dattawa cewa ba ya goyon bayansa, domin aikin hukumarsa tara kuɗi ne, ba biyan 'yan kwangila ba, kuma kuɗin jama'a ya kamata ya bi ta kasafi. Gaskiya ya faɗa. Harajin da aka yafe kuɗin talaka ne, daidai da wanda aka tara aka kashe. Shi ya sa abin da nake roƙo ya bambanta da na hanyoyi. Can kamfani yana maido da duk abin da ya kashe, har da ƙari a kai, to me zai sa ya damu idan an kumbura farashi? A nan kaso kawai zai samu, sauran kuɗin nasa ne ko na abokan aikinsa, dole ya sa ido. Kuma ina so Majalisa ce za ta yi dokar, ta ƙayyade iyakar abin da za a yafe a kowace shekara, a wallafa sunan kowane gini da kowane kamfani da adadin da ya samu, kowa ya gani.

Su ma Amurkawan sun gamu da masu wayo. A 2012 wata kotun ɗaukaka ƙara ta hana wani kamfani rangwamen da ya karɓa a kan gyaran zauren Boardwalk da ke Atlantic City, saboda ta gano an tsara yarjejeniyar ta yadda ba zai taɓa yin asara ba, wato sayen takardar rangwame kawai ya yi, ba shiga aikin ba. Idan haka ta faru a can, sai mu ɗaure ɗamara tun daga rubuta dokar. Babban tsorona shi ne a karɓi rangwame da sunan gidan wasa, bayan shekara biyu a mayar da wurin zauren biki ko jerin shaguna. Mun ga yadda hakan ta kasance ba tare da rangwame ba ma. Wanda ya tashi a Kano ya san sunayen Rex da Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. Yau idan ka ce wa matashi Wapa, kasuwar canjin kuɗi zai nuna maka a Fagge, bai san sunan gidan silima ba ne. Don haka shekara biyar ɗin sa ido da Amurka ta sa ta yi kaɗan a wurinmu. A sa goma, kuma a rubuta yawan ranakun da dole a buɗe wurin ga wasanni da tarukan makarantu a kowace shekara, a kan farashin da ƙungiya irin tamu za ta iya biya. Wanda ya saɓa, a karɓe rangwamen da tara a kai.

Kada kuma a saki ko kwabo sai an je an gani. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, ita za ta iya tantance ginin da ya cancanta da irin gyaran da ba zai ɓata shi ba, injiniyoyi masu zaman kansu su tantance kuɗin.

Akwai sharaɗi ɗaya da nake roƙon a sa shi gaba da kowane. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Dattawanmu sun ba mu labarin, kuma wannan rana tana cikin abin da ya sa har yau wasu gidajen suke kallon irin waɗannan wurare da tsoro. Duk ginin da zai ci rangwame dole ya sami ƙofofin fita masu faɗi da suke buɗewa waje, da sababbin wayoyin lantarki, da kayan kashe gobara, da takardar shaidar 'yan kwana-kwana, da hanyar da mai keken guragu zai shiga. Zauren da na ba ki labarinsa ƙofa ɗaya ce take buɗuwa, sauran an kulle su da sarƙa tun shekaru. Da wuta ce ta tashi ranar nan ba ruwa ba, ban san abin da zan gaya wa iyayen yaran ba.

Ke 'yar Katsina ce, kin san cewa a Arewa maganar gidan wasa ba ta tsaya a kan kuɗi ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa, a jihar Kano, malamai da jama'a da yawa suka ƙi, aka janye. Ban ɗauki waɗanda suka ƙi a matsayin maƙiya ba. Mutane ne masu tsoron abin da zai sami tarbiyyar 'ya'yansu, kuma an kawo musu abu daga sama ba a zauna da su ba. Gyaran tsohon zaure ya fi sauƙin karɓuwa, domin jama'a sun san wurin, a nan aka yi taron yaye 'ya'yansu. A zaure ɗaya ake yin musabaƙar Alƙur'ani, da muhawarar ɗalibai, da taron marubuta waƙa, da wasan wayar da kai a kan rigakafi ko zuwa awon ciki, da gasar tashe cikin azumi. A sa malamai da masarauta da ƙungiyoyin mata a kwamitin kula da kowane wuri tun daga farko, a ware wurin zaman iyali, a yi masallaci da banɗaki masu tsafta. Jihar Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, sauran jihohi ma suna da nasu hanyoyin sa ido a kan abin da ake nunawa. Rangwamen haraji ba zai ƙwace musu wannan iko ba.

Yawancin waɗannan zauruka a Arewa na gwamnatocin jihohi ne, a ƙarƙashin hukumomin tarihi da al'adu, saboda haka sai kin jawo gwamnoni. Ba sayarwa nake nufi ba, Allah ya kiyaye, mun ga inda filayen gwamnati suke ƙarewa. Haya mai dogon zango nake nufi, kamar yadda aka yi a Brooklyn, ga ƙungiya mai rajista da amintattu sanannu. Su ma jihohin za su iya ƙara nasu: su yafe harajin fili da kuɗin izinin gini na wasu shekaru.

Wani alherin da ba a cika ambata ba shi ne inda kuɗin gyara yake zuwa. Sabon gini siminti da rodi da gilashi yake ci. Gyara kuwa hannu yake ci: kafinta, mai walda, mai gyaran wuta, mai fenti, tela mai ɗinka labule. Akwai kuma maginanmu na gargajiya, masu sanin tubali da azara da makuba, waɗanda sana'arsu take mutuwa saboda ba mai kiransu. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai gidan wasa da aka gina da ƙasa a shekarun 1970, a kan fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya. Ba'amurken mai zanen gini Steven Ehrlich ne ya tsara shi, maginanmu suka ɗora. Daga sashen wasan kwaikwayo na jami'ar ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna wasa da manoma a kan matsalolinsu, har salon ya zama abin koyi a wasu ƙasashen Afirka. Gini irin wannan yana bukatar yaɓe da gyaran rufi a kai a kai, kuma kuɗinsa kaɗan ne. A tabbatar dokar ba ta ce sai kuɗin gyara ya kai wani babban adadi da zai fitar da irinsa ba, kuma a samar da hanyar haɗa ƙananan ayyuka biyar ko goma a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, domin kuɗin lauyoyi da akantoci kaɗai yana iya cinye rangwamen ƙaramin aiki.

Daga baya za mu zo ga maganar abin da za a nuna a ciki. Birtaniya tana ba kamfanonin wasan kwaikwayo rangwame a kan kuɗin shirya wasan kansa tun 2014, kuma ta fifita waɗanda suke zagayawa gari gari. Wannan mataki na biyu ne. Ƙasar da ta fitar da Kasimu Yero da Samanja da Karkuzu ba ta rasa masu hawa dandamali ba, rufin ne ya fara gaza mu.

Abin da za ki iya farawa da shi gobe ba ya bukatar doka. Ki umarci hukumar raya al'adu ta ƙasa ta haɗa kai da takwarorinta na jihohi su ƙirga zaurukan nan ɗaya bayan ɗaya: wane ne mai shi, yaushe aka gina, mutum nawa yake ɗauka, me ya lalace, nawa gyaran zai ci. Da wannan lissafi za ki tunkari Ministan Kuɗi da kwamitocin Majalisa kafin kasafi na gaba. Idan ma'aikatanki suka zo Kano, mu 'yan wasan daɓe za mu raka su ƙofa ƙofa, mun san inda makullan suke. Mu dai yanzu mun koma gwaji a farfajiyar wata makarantar firamare bayan an tashi yara, kuma yarinyar nan ta dawo, ta ce za ta sake fitowa a matsayin uwar. Na yi mata alkawarin za mu sa wasan kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya yi miki jagora, ya ba ki ikon sauke nauyin da aka ɗora miki.

Wassalam.

Naki,
Wani tsohon ɗan wasan daɓe,
Daga Kano.